Sun kwafe mini fitila: ko rajistar zane za ta iya ceto ni yanzu?

Maifitila:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, kuma don Allah a yi haƙuri da tsawon bayanin, raina ne a ɓace. Kusan shekara uku na yi ina fama da wata fitilar tebur. Gindinta katako ne mai faɗi, wuyanta ƙarfe ne lanƙwasasshe kamar wuyan balbela, kanta kuma na yi shi kamar rabin ƙwai. A tsakiyar wuyan na sa wata 'yar gaɓa da ke sa a iya naɗe fitilar a jefa ta a jaka. Samfuri goma sha ɗaya na lalata kafin na samu wanda ya kwanta mini a rai. Da na gama, murna ta sa na ɗauki hotuna na saka a Instagram da Facebook, na fara sayarwa kaɗan-kaɗan. Yau wata goma sha biyar ke nan. Makon jiya wani abokina ya turo mini hoton fitilata a wani shagon intanet, wani kamfani yana sayar da ita da sunansa, har da hotunan da ni na ɗauka da hannuna. Ban taɓa yin rajistar komai ba. Idan na ruga na yi rajista yanzu, zan iya hana su?

Maman Biyu:
Wa alaikumus salam. Allah Sarki, ƙanena. Kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi. Ni jaka nake ɗinkawa, na san zafin wannan abin. Allah Ya mayar maka da alheri.

Ɗalibi:
Yaya, kada ka damu. Abin da na karanta shi ne, duk wanda ya ƙirƙiri abu, haƙƙin mallakarsa yana hannunsa tun daga ranar da ya yi shi, ko da rajista ko babu. Ka kai su ƙara kawai.

Anti Barista:
Ɗalibi, wanda ka karanta ɗin haƙƙin marubuta da mawaƙa da masu zanen hoto ne. Shi kam gaskiya ne, ba ya jiran rajista. Amma siffar kayan da ake ƙerawa da yawa don sayarwa, irin su kujera da fitila da kwalba da takalmi, dokarsu daban ce, kuma a mafi yawan ƙasashe sai ka yi rajista kafin ta san da kai.

Maifitila, zan gaya maka gaskiya ko da ba daɗi. Sharaɗi na farko na rajistar zane shi ne zanen ya zama sabo a ranar da ka shigar da takarda. Sabo a nan yana nufin jama'a ba su gan shi ba tukuna. Abin da yake ba mutane mamaki shi ne, kai kanka kana iya kashe sabuntar zanenka. Ranar da ka saka hoton nan a Instagram, ranar doka ta ɗauka ka nuna wa duniya. Wasu wurare, kamar Amurka da Birtaniya da Tarayyar Turai, suna ba mai zane sassaucin wata 12 bayan ya bayyana aikinsa, ya je ya yi rajista a cikinsu. Wasu ƙasashen kuma ko wannan babu, sai dai in a wani baje kolin ƙasa da ƙasa da hukuma ta amince da shi ka nuna, shi ma na wata shida ne. Kai wata 15 ka ce. Ka tabbata da lissafin?

Maifitila:
Na sake dubawa yanzu, Anti. Wata goma sha biyar da kwana tara. Innalillahi. Amma wani ya ce mini ofishin rajista ba ya bincike, in na kai takarda za su ba ni satifiket.

Anti Barista:
Mai yiwuwa su ba ka. Ofisoshi da yawa takardu kawai suke dubawa, ba sa bin diddigin ko zanen sabo ne. Na Tarayyar Turai da ke Alikante a Sifen ma haka yake yi. Na Amurka kuwa yana cikin waɗanda suke tsayawa su bincika. Matsalar tana zuwa ranar da ka ɗauki satifiket ɗin ka tunkari wanda ya kwafe ka. Abu na farko da lauyansa zai yi shi ne ya shiga shafinka, ya ɗauko hoton da ka saka da kwanan watansa, ya nemi a soke rajistar.

Wannan ya faru da manyan da suka fi mu kuɗi da lauyoyi. Takalmin robar nan mai huji-huji, Crocs, an nemi rajistarsa a Turai a 2004. Daga baya aka kawo hujjar cewa tun 2002 aka nuna shi a wani baje kolin jiragen ruwa a Fulorida, ana kuma tallarsa a shafin kamfanin. A 2018 kotun Tarayyar Turai ta tabbatar da soke rajistar. Na Puma ya fi kama da naka. A ƙarshen 2014 mawaƙiya Rihanna ta saka hotuna a Instagram sanye da wani farin takalmi na kamfanin, su kuma sai a 2016 suka nemi rajistar zanen. A 2024 kotu ta ce waɗannan hotunan sun isa hujjar cewa an riga an bayyana zanen, rajista ta tashi. Hoto a Instagram kawai.

Tsohon Maƙeri:
Ni ina da magana, ko da ba za ta yi wa wasu daɗi ba. Na haura shekara arba'in ina ƙira. Wa ya koya mini? Kallo. Na ga na maigidana na kwaikwaya, shi ma ya ga na nasa maigidan. Duk wani abu mai kyau da hannu ya taɓa yi, a kan na wani aka ɗora shi. Yanzu a ce mutum ya lanƙwasa ƙarfe sai ya je ya karɓo takarda, ya ce kada kowa ya sake lanƙwasa ƙarfe haka? Yaro, ina tausaya maka, amma in da haka aka yi tun farko da babu sana'ar da za ta kai yau. Ka yi haƙuri ka ƙera wata. Hannun da ya yi ta farko yana nan.

Maman Biyu:
Baba, da girmanka, amma akwai bambanci. Almajirin da ya zauna gabanka shekara biyar yana koyo, ya fita yana kiran sunanka da alheri, ba ɗaya yake da kamfanin da ya sayi fitila guda, ya aika masana'anta ta buga dubu goma a wata ɗaya ba. Na farko gado ya ɗauka. Na biyu ko sunan yaron nan bai sani ba.

Injiniya:
Baba, ina ganin tsoron da kake ji doka ta riga ta yi tunaninsa. Rajistar zane ba ta hana kowa yin fitila mai lanƙwasasshen wuya. Siffar nan guda da aka zana a takarda ita kaɗai take karewa, ita ma na ɗan lokaci. Asalin abin ma da gajeren wa'adi ya fara: dokar Ingila ta 1787 a kan zanen da ake bugawa a jikin yadi wata biyu kacal ta ba mai zane. Dalilin shi ne mutum ya samu ya mayar da wahalarsa kafin masu kwafa su cika kasuwa. Yau yarjejeniyar Ƙungiyar Ciniki ta Duniya ta ce kada kariyar ta gaza shekara 10. Amurka 15 take bayarwa, Sin 15, Najeriya biyar-biyar sau uku, Turai kuma biyar-biyar har zuwa 25. Bayan nan zanen na kowa ne.

Tsohon Maƙeri:
Daga wata biyu an kai shekara 25. Ka ga abin da nake faɗa? Kullum mai ƙarfi ƙara wa kansa yake yi. To ku gaya mini, yaron nan ko da ya yi rajistar, da wane kuɗi zai yi shari'a da kamfanin da ke wata ƙasa?

Injiniya:
Wannan tambayar kam ta zauna. Ba ni da cikakkiyar amsa.

Anti Barista:
Baba, tambayarka ita ce wadda nake fara yi wa duk wanda ya zo wurina, kuma akwai waɗanda nake ce wa kada su ɓata kuɗinsu. In kayanka na yayi ne, wata shida ya wuce, rajista ba lallai ta biya kanta ba. Amma kada a ɗauka kotu ce kaɗai amfanin satifiket. Yawancin rigingimun nan ba sa kaiwa gaban alƙali. Manyan shagunan intanet suna da fom na kai ƙorafi, kuma abin da suke tambaya shi ne lambar rajista. Mai lamba ana sauraronsa da wuri, marar lamba sai ya yi ta bayani. Wasiƙar lauya mai ɗauke da lambar rajista tana sa dillali ya janye kaya, don shi ma ba ya son rigima a kan abu ɗaya cikin ɗaruruwan da yake sayarwa. Sannan ita rajistar dukiya ce, ana sayar da ita, ana ba da hayarta. In wata masana'anta ta ga fitilar ta ce tana so ta riƙa ƙerawa tana biyansa wani kaso, me zai sa hannu a kai in ba shi da takarda? Me zai hana su ƙera ba tare da sun tambaye shi ba?

Ɗalibi:
Anti, ai Apple ma sun ci Samsung a kan wannan ko?

Anti Barista:
Sun fara shari'ar a 2011, a kan abubuwan da suka haɗa da baƙar fuskar waya mai kusurwoyi a zagaye da jerin 'yan hotunan manhaja a kan allo. Ta kai Kotun Ƙolin Amurka a 2016, inda aka yi gardama a kan dala miliyan 399: shin ribar wayar gaba ɗaya za a biya, ko ta ɓangaren da aka kwafa kawai? A 2018 masu taya alƙali yanke hukunci suka ce dala miliyan 539, bayan nan kamfanonin biyu suka sasanta a tsakaninsu. Shekara bakwai. Wannan misalin yana nuna darajar siffa, amma yana kuma ƙarfafa maganar Baba, don ba kowa ke da numfashin shekara bakwai ba.

Maifitila:
To ita gaɓar da ke naɗewa fa? Wallahi ita ta fi cin raina, ita na fi daɗewa a kai. Ita ma sun kwafe ta.

Injiniya:
Nan ne mutane suka fi ruɗewa. Rajistar zane ido take karewa, wato abin da mai saye yake gani: layi, lanƙwasa, launi, ado. Yadda abu yake aiki ba ruwanta da shi. Gaɓarka dabara ce ta aiki, gidanta shi ne takardar haƙƙin ƙirƙira, wadda ta fi tsada, ta fi wuyar samu, kuma wa'adinta shekara 20 ne. In siffar wani sashe aikinsa ne kaɗai ya tilasta ta, ba yadda za a yi shi ya yi aiki sai da wannan siffar, to dokar zane ba ta kare shi. Tambarin kasuwanci kuma abu na uku ne, shi sunanka da alamarka yake karewa, kuma ana iya sabunta shi har abada. Shi ya sa kamfanoni ke ƙoƙarin mayar da siffar kayansu tambari. Kwalbar Coca-Cola da rajistar zane ta fara a 1915, da mutane suka saba da ita har suna gane ta ko babu rubutu, sai ta zama tambari. Kamfanin Lego, masu bulon wasan yara, sun gwada haka da bulonsu, kotun Turai ta hana su a 2010, ta ce 'yan ƙusoshin da ke kan bulon aiki suke yi, ba za a riƙe dabara har abada da sunan tambari ba.

Abin takaicin, ita ma takardar ƙirƙira tana son abu ya zama sabo, kuma ka riga ka sayar da fitilar.

Maifitila:
Ke nan ba ni da komai.

Anti Barista:
A'a, ban ce haka ba. Ka ce da hotunanka suke talla. Hoton da ka ɗauka naka ne tun daga lokacin da ka danna, wannan shi ne haƙƙin da Ɗalibi ya ambata da farko, kuma a nan yana aiki. Yau ɗin nan ka adana shafinsu da kwanan wata, ka tara asalin hotunan da ke wayarka, ka cika fom ɗin ƙorafi na shagon. Sau da yawa ana sauke tallar. Ba zai hana su ɗaukar nasu hoton su dawo ba, amma ka rage musu gudu.

Na biyu, ka duba inda ka fara bayyana fitilar da inda suke sayarwa. Tarayyar Turai tana ba zanen da ba a yi wa rajista ba kariyar shekara uku daga ranar da aka fara bayyana shi a can, Birtaniya ma tana da irin nata. Sai dai a wannan kai ne za ka tabbatar da cewa kwafa aka yi, ba haɗuwar tunani ba ce, kuma batun inda aka fara bayyanawa yana da sarƙaƙiya. Na uku, wasu ƙasashen suna ɗaukar kayan amfani mai ƙayatarwa a matsayin aikin fasaha, su ba shi haƙƙin masu zane, wasu kuma suna da dokar hana gasa ta rashin gaskiya. Waɗannan sai ka zauna da lauyan ƙasar da abin ya shafa, da takardunka a hannu. Kada ka zubar da samfuran nan goma sha ɗaya da ka ce ka lalata. Su ne shaidarka.

Tsohon Maƙeri:
Barista, bari in ƙara ɗaya, don ita ce ta fi damuna. In ofishi ba ya bincike kamar yadda kika ce, me zai hana wani ya ɗauki zanen da kakanni suka bari, wanda al'umma guda ta yi ɗaruruwan shekaru tana yi, ya kai ya yi rajista da sunansa, ya dawo ya hana masu shi?

Anti Barista:
A ƙa'ida irin wannan rajistar ba ta da ƙafa, tunda zanen ba sabo ba ne, duk wanda ya kawo hujja za a soke ta. A aikace kuma sai an samu mai zuwa ya kawo hujjar, kuma masu gadon galibi ba su ma san an yi ba. Wannan damuwar taka ita ce ta riƙe wata yarjejeniya ta duniya shekaru da yawa, don ƙasashen Afirka sun dage sai an sa batun a ciki. A Nuwamba 2024 aka amince da ita a Riyad, ƙarƙashin WIPO, hukumar duniya mai kula da haƙƙin mallakar fasaha. Ta bar wa kowace ƙasa damar ta tambayi mai neman rajista ko ya ɗauko wani abu daga fasahar gargajiya. Ita ce kuma ta sa sassaucin wata 12 ya zama ƙa'ida ga ƙasashen da suka shiga. Sai ƙasa 15 sun tabbatar da ita kafin ta fara aiki.

Tsohon Maƙeri:
To madalla da aka tuna. Amma ni har yanzu ina kan bakana, 25 ta yi yawa.

Maman Biyu:
Anti, ni tawa tambayar: in na yi rajista a ƙasata, ta isa ko'ina?

Ɗalibi:
Akwai rajistar duniya ta Heg, guda ɗaya ta gama.

Anti Barista:
Hajiya, rajista a iyakar ƙasa take tsayawa. Ɗalibi, ka kusa, amma babu wata rajista da ta rufe duniya. Tsarin Heg, wanda ya faro tun 1925, hanya ce ta shigar da takarda ɗaya a WIPO, ka zaɓi ƙasashen da kake so cikin sama da 90, kowace kuma tana da ikon ta ƙi bisa dokarta. Kana iya haɗa zane har 100 a takarda ɗaya in duk aji ɗaya suke, don an raba kaya aji 32 a tsarin Lokarno. Kuma sai ƙasarka tana ciki, ko kana da mazauni ko masana'anta a wadda take ciki. Akwai kuma na yanki: takarda ɗaya a ofishin OAPI, ƙungiyar haƙƙin mallakar fasaha ta wasu ƙasashen Afirka da ke Yawunde, tana rufe ƙasa 17. Abin da ya fi amfani ga mai ƙaramin ƙarfi shi ne Yarjejeniyar Faris ta 1883. In kin shigar a gida yau, kina da wata shida ki shigar a wata ƙasa, a lissafa miki da kwanan watan farko. A cikin wata shidan nan sai ki ga ko kayan ya karɓu, ki san inda ya cancanci ki kashe kuɗi: inda kike sayarwa, da inda ake ƙerawa.

Maifitila:
Na gode ƙwarai, Anti, Allah Ya saka da alheri. Baba, maganarka ta ƙera wata ma ta shige ni, don gaskiya akwai ta biyu. Fitilar bango ce, na kusa gamawa, ban saka ta ko'ina ba. In zan kai ta rajista, hoto zan kai ko zane?

Injiniya:
Ka tsaya a nan da kyau, don abin da ka kai shi ne iyakar abin da ka mallaka. Akwai akwatin tafiya na yara mai suna Trunki, wanda yaro ke hawa kamar dabba mai ƙaho. Hotunan kwamfuta masu shi suka kai rajista, jikin akwatin da haske, tayoyi da maɗauri da duhu. Wani kamfani ya fito da makamancinsa da adon ƙwari da damisa. A 2016 Kotun Ƙolin Birtaniya ta ce bambancin launin nan yana cikin abin da suka yi wa rajista, kuma gaba ɗaya kamannin biyu ba ɗaya ba ne. Masu Trunki suka faɗi, duk da alƙalin ya nuna tausayinsa gare su. Shi ya sa masana suka fi son zanen layi zalla, baƙi a kan fari, daga gaba da baya da gefe da sama da ƙasa. Zanen layi yana kare siffar ko da wane launi aka yi ta. Sashen da ba ka nema, kamar wayar wuta, ofisoshi da yawa suna yarda a zana shi da ɗigo-ɗigo. In launin ma yana da muhimmanci, ka shigar da shi daban.

Anti Barista:
Haka ne. Kuma in ba ka shirya fitar da ita kasuwa ba, wasu ofisoshin suna yarda a jinkirta wallafa zanen, a Turai har wata 30. Amma ka ce ba ka saka ta ko'ina ba. Wa ya gan ta? Mai walda? Mai fenti? Wanda aka nuna wa a asirce bisa alƙawarin riƙe sirri ba ya cikin jama'a, amma a rubuta alƙawarin a sa hannu. In kuma wani ya taya ka zana ta, ku rubuta tun yanzu wa ke da ita.

Maifitila:
Mai walda ya gani, sai yaron da ke taya ni aiki. Subhanallah, yaron ya ɗauke ta hoto shekaranjiya, ya ce ta burge shi.

Maman Biyu:
Kira shi yanzu, ƙanena. Kada ka tsaya rubutu.

Maifitila:
Na same shi. Bai saka ba, ya ce jira yake a gama fenti. Ya goge a gabana ta kiran bidiyo, gobe da safe kuma zan je wurin mai walda da takarda. Injiniya, in na yi zanen layin zan turo maka ta akwatin sirri ka duba mini kafin in kai.

Anti Barista:
Shi ma Injiniya ya sa maka hannu a takardar sirrin kafin ka tura.

Injiniya:
Turo takardar tukuna, zan sa.